Bayani A Kan Man Da Ya Dace Da Tsohon Babur

Akwai wata mas'ala wadda har yanzu ba a yanke ta ba a rumfunan kanikawan babura, daga Kano har Sakkwato, daga Katsina har Maraɗi, watau wane irin mai ya kamata a zuba wa babur in ya tsufa. Waɗansu sun tafi a kan a nemi mafi kauri, wai ƙarafan tsohon inji sun saki, sai mai kauri ke cike gurbin. Waɗansu suka ce a'a, a sayi irin wanda a ke zuba wa sababbin motoci, tun da shi ya fi tsada, mai tsada kuwa ba ya rasa dalili. Akwai kuma na uku, su ne ma suka fi yawa, masu cewa mai duk mai ne, in dai ya yi santsi a yatsa. Kowane ɓangare yana da ɗan abin kamawa, amma babu wanda ya kama gaskiyar duka. In aka yi kuskure kuwa, ba bakanike ke biya ba, mai babur ne.

Mai tsohon babur galibi ba mai rarar kuɗi ba ne. Ɗan kasuwa ne da ke ɗaura kaya ya ci Maigatari ran Alhamis, ya kwana ya ci Wudil ran Jumma'a. Ko kuwa malami ne da a ke kira ƙauyuka ɗaurin aure da raɗin suna, bisa Vespa wadda ta girmi ɗansa na fari. Ran da injin ya buga, kuɗin fistin da ringi da gyaran silinda sai su lashe abin da zai sayi man watanni da yawa, ban da kasuwannin da za su wuce babur yana rumfa an farke masa ciki.

Sai a fara da sanin aikin man kansa. A cikin inji ƙarfe ne ke gudu a kan ƙarfe. Ƙaramin inji irin na 125, in ya miƙe a kan kwalta, ya kan juya wajen sau 6,000 a minti guda, watau sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Abin da ya raba ƙarfen nan da ɗan'uwansa wata 'yar shimfiɗar mai ce wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, muddin tana nan ba su taɓa juna. Ban da wannan, man ya kan ɗebe zafi daga fistin, ya kwashe kunkunniya ya riƙe ta a jikinsa, ya toshe tsakanin ringi da bangon silinda, ya kuma hana tsatsa. Mota tana da lagireto da ruwa, cikinta yana ɗaukar mai wajen lita 4. Tsohon babur ba shi da mai sanyaya shi sai iska da ɗan man nan, wanda bai fi lita guda ba, a waɗansu ma bai kai ba. A watan Afrilu, sa'ad da zafin Sakkwato ko Maiduguri ke haura digiri 40, man baburin da ya tsaya cikin cunkoso ya kan wuce zafin tafasasshen ruwa. Ɗan kaɗan ne a ke ɗora wa kayan raƙumi.

Tambayar farko ba ta kauri ba ce, ba kuma ta tsada ba. Ita ce, injin mai bugu huɗu ne ko mai bugu biyu? Mai bugu huɗu shi ne wanda mansa ke zaune a ciki yana kewayawa, in ya gaji a juye shi, kamar Honda Cub wanda aka fara ƙerawa a 1958, da jikokinsa da a ke ce wa roba-roba, da CG125, da Benly, da Bajaj Boxer. Mai bugu biyu shi ne mai ƙone mansa tare da fetur, mai shuɗin hayaƙin nan, kamar Vespa ta da, da Suzuki A100 da AX100, da Jincheng na farko wanda aka ɗauko daga AX100, da Yamaha YB100, da Mobylette da aka sani ƙwarai a Nijar. A jikin gora a kan rubuta 4T ga na farko, 2T ga na biyu. Hukuncinsu daban ne, ba a ƙiyasta wannan da wancan.

To, ga mai bugu huɗu. A mota, inji da ɗakinsa, giya da nata ɗakin da nata man, kuloci kuwa a bushe ya ke, mai ba ya isa wurinsa. A yawancin babura ukun nan gida ɗaya su ke, akushi ɗaya su ke ci, ga shi kuwa bukatunsu sun saɓa. Inji santsi ya ke so. Giya tana son man da zai jure cizon haƙoranta. Kuloci kuwa faya-fayai ne a jere, tsundum cikin mai, aikinsu su kama juna su riƙe, in santsi ya yi yawa sai su zame. Har roba-roba, da ba shi da hannun kuloci, nasa kulocin a cikin mai ya ke.

Har zuwa shekarun 1980 wannan bai dami kowa ba, domin man mota na wancan zamani ya yi wa babur daidai, littattafan masu ƙira ma shi su ke cewa a saya. Daga baya hukumomi a Amurka da Turai da Japan suka matsa wa masu ƙera motoci su rage shan fetur da hayaƙi. Sai aka tsinka man mota, aka ƙara masa magungunan santsi, cikinsu har da wani da a ke samu daga ƙarfen molibdinam. Mota ta ji daɗi, babur ya shiga uku. Alamar ba ta ɓuya: a zo hawan tudu da kaya, a murɗa totur, inji ya yi ta kururuwa amma babur bai ƙara sauri ba. Sau da yawa an yi wa bakanike faɗa, an sake faya-fayai, bayan 'yan makonni abu ya dawo, ba a san gorar mai ce mai laifin ba.

Saboda haka a 1998 hukumar ma'aunin motoci ta Japan, wadda a ke taƙaita sunanta JASO, ta fitar da ma'auni na musamman ga man babur mai bugu huɗu, ta raba shi gida biyu, MA da MB. MA shi ne wanda aka jarraba aka ga kuloci yana riƙo a cikinsa. MB mai santsi ne, na baburan nan masu sauya giya da kansu, waɗanda kulocinsu a bushe ya ke. A 2006 aka ƙara raba MA zuwa MA1 da MA2, na biyun ya fi riƙo, amma kowanne ya wadatar da tsohon babur. Wanda idonsa ya fi sabawa da ajami sai ya riƙe siffar baƙaƙen: M kamar duwatsu biyu ne a jere, A kamar bukka ce mai ɗamara a tsaka, B kuwa mai tumbi biyu ne, na sama da na ƙasa. Bukka a ke nema, a bar mai tumbi. In kuma aka ga wani zagayayyen hatimi a bayan gora, a ƙasansa an rubuta Energy Conserving ko Resource Conserving, to man mota ne mai santsi, komai tsadarsa a bar wa mota abinta. Wannan shi ne amsar masu cewa mai tsada ba ya rasa dalili. Dalilin yana nan, amma na mota ne.

Sai maganar kauri, inda aka fi ta da jijiyar wuya. Lambobin nan da a ke gani, 40, da 50, da 10W-40, da 20W-50, ba daraja su ke nunawa ba, balle a ce mai 50 ya fi mai 40 kyau. Matakan kauri ne, waɗanda ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ta fara tsarawa a 1911. Kowace mai girki ta san man ja da safiyar hunturu sai an kai shi rana ya ke zuba, in ya ji wuta kuwa ya tsinke kamar ruwa. Man inji ma haka ya ke. In lamba ɗaya ce tilo, kamar 40, tana faɗin kaurinsa ne a zafin digiri 100 kaɗai, ba ta ce komai ba game da sanyi. In biyu ne, ta farko mai W a gefe, shi kuwa harafin farko ne na sunan hunturu a Turanci, tana faɗin yadda man ke gudu da sanyi, ta biyu tana faɗin kaurinsa da zafi. Irin wannan mai lamba biyu ya fito ne a shekarun 1950. A kan sa masa wani magani mai dogayen zaruruwa waɗanda ido ba ya gani, su ke hana shi tsinkewa in ya ɗau zafi. Abin lura shi ne haƙoran giya su kan yi ta datse zaruruwan nan, har mai 10W-40 ya koma kamar 30 tun bai cika kwanansa ba. Ga wani dalili kuma da ya sa man da ya daɗe a mota ba ya daɗewa a babur.

Littattafan Honda na shekarun 1970 sun fi ambaton 10W-40, kuma injin da bai saki ba, ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, babu laifi ya zauna a kansa. Amma injin da ya ci shekaru yana ɗaukar buhuna a zafin ƙasar Hausa, 20W-50 ya fi dacewa da shi. Sanyin hunturun Kano, ko ya tsananta, da wuya ya sauka ƙasa da digiri 10, bai isa ya daskarar da mai 20W ba, ga kuma 50 ɗin tana riƙe da shimfiɗa da tsakar rana. Har nan masu son kauri sun yi daidai.

Inda suka kuskure shi ne zaton in kauri ya yi kyau, to wanda ya fi shi zai fi kyau. Sai a ga an ɗura tsurar 50, ko a ƙara wani abu mai danƙo kamar zuma da a ke sayarwa a ƙananan gwangwanaye. Man da ke zuwa kan inji ta 'yan siraran hanyoyi ya ke bi, kuma da safe, sa'ad da aka buga babur, sama a bushe ta ke har sai famfo ya turo. Babban rabo na cin da ƙarfe ke yi wa ƙarfe a 'yan daƙiƙoƙin nan ne. A waɗansu tsofaffin injunan Honda, sandar da ke buɗe bawul tana juyawa ne a kan tsurar alminiyon kan injin, ba boris, in ta cinye wurin sai an sayi kan inji ɗungurungum. Mai kauri ya kan rufe ƙara, ya rage hayaƙi, mai babur ya ɗauka an sami lafiya, alhali ringin da ya mutu ya mutu, an dai lulluɓe shi ne. Abin da ke taimakon tsohon inji da safe kyauta ne: a bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana numfashi a hankali kafin a ɗora masa kaya, a daina murɗa masa totur tun yana sanyi kamar yadda samari ke yi don a ji su.

Akwai wasu baƙaƙe kuma bayan kalmar API, ita kuwa cibiyar man fetur ce ta Amurka. Na farko S ne, na biyu yana gaba da zamani: SF ta 1980, SJ ta 1996, SL ta 2001, SM ta 2004, SN ta 2010, SP ta 2020. Wanda ya ga SA ko SB ya ajiye gorar ya yi gaba. SA tsurar mai ne ba magani ko ɗaya, cibiyar da kanta ta ce bai dace da injin da aka ƙera bayan 1930 ba. Masu tsofaffin babura a Turai da Amurka sun daɗe suna jayayya a kan wani magani na tutiya da fosfaras, ZDDP, wanda a ke sa wa mai tun shekarun 1940. Shi ne ke kwanciya a kan ƙarfe inda matsi ya fi tsanani, ya cinye a maimakon ƙarfen. Sai aka ga yana lalata tukunyar tace hayaƙi da ke cikin salansar motocin zamani, aka yi ta rage fosfaras ɗin, daga kashi 1,200 cikin miliyan zuwa 1,000, sa'an nan zuwa 800 a 2004. Tsohon inji kuwa yana son abinsa. Amma ba abin ta da hankali ba ne, domin iyakar nan an sa ta ne a kan tsinkakken man mota irin 5W-30 da 10W-30, ba ta hau kan 20W-50 ba. Wanda ya sayi man babur mai hatimin MA, SG ne ko SJ ko SL ko na bayansu, ya fita daga saɓanin, ba sai ya sayi wata kwalbar ƙari ba.

Man nan da a ke ce wa sintetik, wanda a ke harhaɗawa a masana'anta, kamar Mobil 1 da ya fito a 1974, ya fi jure zafi, wannan babu musu. Cewa da a ke yi yana huda tsohon inji ba daidai ba ne. Abin da ke faruwa, ya kan wanke daskararren dattin da ya toshe tsohuwar roba ko gasket, sai yoyon da ke ɓoye ya bayyana. Sai dai falalarsa babba ita ce daɗewa, ƙurar ƙasar nan kuwa ba ta barin mai ya daɗe. Zuba shi a injin da ke ƙone mai ko ɗigar da shi, kamar ɗinka wa mai aikin gini babbar riga 'yar Dikwa ne. Tun da an zo nan, masu sha'awar asalin kalmomi za su so su ji cewa sunan Castrol, wanda kamfanin Charles Wakefield na Ingila ya raɗa a 1909, daga sunan zurma aka ciro shi a Turanci, domin da man zurma a ke haɗa shi a lokacin, masu tsere da babura sun daɗe suna amfani da shi. Amma kada wani ya ji haka ya tatso na bayan gida. Man zurma ba ya shiri da man ƙasa, kuma ya kan bar danƙo a inji.

Yanzu ga abin da ya fi duk waɗannan nauyi. A 1974 kamfanin Honda ya aiki injiniyoyinsa ƙasashen kudu maso gabashin Asiya su ga yadda a ke riƙon babur. Suka tarar ana ɗora masa mutum uku da huɗu, ba a juye mai sai ya koma kamar kwalta, ba a share matatar iska sai ta toshe. Da suka koma sai suka ƙera CG125, ya fito a 1975, inji mai sauƙin ciki wanda zai jure wulakanci, shi ne kuma aka yi ta kwaikwayo a Sin har ya cika kasuwannin Afirka. Juriyarsa ta sa mutane suka ɗauka ba ya bukatar kulawa. Alhali shi da Cub ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota. Abin da ke gare su 'yar rariya ce ta waya, da wani ɗan kasko mai juyawa wanda ke wurga datti gefe ya manne. Abin da ya tsallake waɗannan yana nan cikin mai yana kewayawa. Ƙurar hunturu kuwa akasarinta garin yashi ne, in ta haɗu da mai ta zama abin wasa wuƙa.

Littattafan masu ƙira su kan ba da kilomita 2,000 zuwa 4,000 tsakanin juye da juye, gwargwadon irin babur, amma su kan ƙara da cewa a gajarta in ana bin ƙura. Ga mai bin hanyar burji da kaya, kilomita 1,000 zuwa 1,500 ya fi kusa da hankali. In agogon ya mutu, kamar yadda ya ke a mafi yawan tsofaffin babura, sai a ƙidaya da kasuwanni, mai cin kasuwa uku a mako kada ya wuce wata guda. Matsakaicin mai na ƙwarai wanda a ke juyewa a kan kari ya fi mafi tsada wanda aka bari ya kwana biyu. A kuma wanke soson matatar iska, a ɗan shafa masa mai a matse, domin ta nan ƙurar ke shiga.

Duk bayanin nan yana tsayawa ne in abin da ke cikin gora shi ne abin da aka rubuta a bayanta, a nan kuwa 'yan kasuwa sun fi kowa sanin halin da a ke ciki. Akwai masu sayen tsurar man da ba a sa wa magani ba su ɗura a gora mai suna. Akwai masu tace wanda aka juye su sake sayarwa. Hukumar kula da ingancin kaya ta Nijeriya, SON, ta sha kama irin waɗannan, tana kuma sa hatiminta na MANCAP a kan wanda aka yi a gida bisa ƙa'ida. Gwajin yatsa ba ya raba na gaske da jabu, launi ma haka, tsurar mai ya fi kowanne kyan gani, garai-garai kamar zuma. Hasali ma man da ya yi mako biyu a tsohon inji bai sauya launi ba abin tuhuma ne, domin na ƙwarai yana wanke datti ya riƙe, shi ya sa ya ke baƙi. Ba banza aka ce masa baƙin mai ba. Man awo da a ke ɗiba daga duro ba dukansa ne mugu ba, amma abin tambaya ita ce salsalarsa: daga wa mai rumfa ya karɓa, shi kuma daga wa? In salsala ta yanke a tsakiya, a bar shi. A saya a gidan mai ko wurin dillalin da kamfani ya sani, a duba murfi ba a taɓa ɓalle shi ba, in an juye kuma a huda gorar kafin a yar, don masu bi suna tsinta ba don ɗiban ruwa su ke tsinta ba.

Mai bugu biyu kuwa, mansa ba ya dawowa. Ya kan bi fetur ya shiga, ya shafi boris da fistin, ya ƙone ya fita ta salansa. Saboda haka a ke son wanda zai ƙone bai bar toka ba. Dattawa da yawa har yau baƙin man mota su ke tsiyayawa a tankin Vespa, in an yi magana su ce haka suka tarar. Ba ƙarya suka yi ba. A shekarun 1950 masu ƙira da kansu su ke cewa a zuba man mota mai lamba 30, wajen kashi 5 cikin 100, gama a lokacin ba a cika masa magunguna ba. Na yanzu kuwa cike ya ke da magungunan da ba su ƙonewa, su ne ke zama toka, su kashe fulogi, su toshe bakin salansa, su manne ringi a jikin fistin. Babur ya rasa ƙarfi a hankali, mai shi ya ce tsufa ne.

JASO ta sa wa wannan ma ma'auni a 1994, FA da FB da FC, daga baya aka ƙara FD. FC mai ƙarancin hayaƙi ne, FD ya fi shi wanke inji, FB ma ya yi in shi ya samu. Wanda aka rubuta wa TC-W3 na injin jirgin ruwa ne, irin na masunta a Yawuri da tafkin Cadi, an yi shi don injin da ruwa ke sanyayawa, bai dace da zafin babur ba. Vespa irin PX, wadda ta fito a 1977, da 'yan'uwanta na kusa, in ba mai famfo ba ce, kashi 2 cikin 100 ta ke so: mililita 20 ga kowace lita ta fetur, watau cokalin shayi huɗu, ko mililita 100 ga lita 5. A auna da ma'auni, a bar awon ido. In ya gaza fistin ya kama, ƙafar baya ta tsaya cik ana cikin gudu, wannan kuwa ya wuce hasarar kuɗi, maganar rai ce. In ya yi yawa ga hayaƙi ga mutuwar fulogi. A rufe makunnin fetur, a fara zuba man, a bi shi da fetur, a girgiza babur su gauraya. Mai gangara doguwar gangara irin ta Hawan Kibo ya tuna in totur a rufe ya ke, mai ma ba ya shiga sosai, sai ya riƙa kama kuloci yana ɗan murɗawa lokaci-lokaci.

Yamaha ta kawo famfon da ke auna man da kansa a 1964, ta kira shi Autolube, Suzuki ta biyo da nata, CCI. Kanikawa da yawa in famfon ya yi gardama sai su cire shi, su ce a riƙa haɗawa a tanki. A waɗansu injunan Suzuki wannan ganganci ne, domin famfon yana kai mai kai tsaye ga boris na gindin inji, wanda haɗin tanki ba ya isarsa yadda ya kamata. Gyara famfon ya fi. In kuma aka bar tankin 2T ya ƙafe, iska ta shiga bututu, ko an cika shi sai an fitar da iskar tukuna.

Akwatin giyar mai bugu biyu yana da nasa man daban, wanda a kan manta da shi shekara da shekaru. Na Vespa mai lamba 30 ne, kwata ɗin lita. Na Yamaha da Suzuki man inji ne na babur, shi ma mai hatimin MA, tun da kuloci a cikinsa ya ke. Kada lambar 90 ta man giyar mota ta ruɗi kowa, ma'auninta daban ne, kaurinta bai wuce na man inji mai 40 ko 50 ba, illa magungunanta ba na kulocin babur ba ne.

Baburan Ingila na zamanin En'e, BSA da Triumph da Norton, sun yi ƙaranci yanzu. Wanda ya gaji ɗaya ya sani manyansu tankin mansu daban ya ke, giya ma da nata, kuma an ƙera su ne bisa mai lamba ɗaya, 40 ko 50. Masu silinda biyu na BSA da Triumph suna da wani rami cikin ƙarfen gindin inji inda datti ke taruwa shekara da shekaru, in ya cika mai ba ya wucewa. Kafin a yi gardamar irin man da za a ba su, sai a buɗe a share ramin.

Ran juye, a juye da ɗumi, bayan an ɗan zagaya, don dattin ya biyo man. A kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya a wuri mai daidai. A ciro rariyar a wanke da kananzir, a lura da yadda ta ke zaune da siririn ƙarfenta mai lanƙwasa don a mayar daidai. Kada a ɗaure noti da ƙarfin tsiya, alminiyon ba ya jure haka. A Honda, sandar awo ɗora ta a ke yi a bakin ramin, ba a murɗa ta ciki, in an murɗa sai ta nuna mai ya fi yadda ya ke. Kada a wuce layin sama, mai in ya yi yawa kumfa ya ke yi, kumfa kuwa iska ce. Wanda aka juye ba ya shiga kwata ko kusa da rijiya, ba a shafa shi a ƙurji ko a jikin dabba, akwai dafi a cikinsa, a tara a jarka a kai wa masu karɓa. Amma kafin nan a kai kaskon rana a karkata shi a duba. In baƙi ne kawai, lafiya. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, a binciki inda aka ratsa da damina. In yana warin fetur ya tsinke, kafireta ce ke yoyo. In kuwa ana ganin ƙyalli a ƙasan kaskon kamar garin tagulla ko na azurfa, ƙarfe ne ya fara ci, a kai wa bakanike ya buɗe tun kafin kasuwa mai zuwa.